Abin da Lamba Goma Sha Bakwai Ta Gani

Ranar Litinin da hantsi Kawu ya zo ofis sanye da rigar da ba ya sawa sai zai shiga gaban manya, da wata 'yar leda a hannu. Bai taɓa taka wurin ba sai ranar. Mai gadi ya rako shi har gaban teburin 'yar ƙanwarsa, ta jawo masa kujera, ya ƙi zama.

A ofis Tsaf-tsaf ake ce mata, kuma ta ci sunan. Ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce shi, ko kalandar ofishin wani ce sai ta miƙa hannu ta daidaita. Kawu kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. A hannunsa ta tashi tun tana 'yar shekara shida, a gindin keken ɗinkinsa, tana tsince masa allurai tana zura masa zare, saboda shi tun yana saurayi idonsa da ƙofar allura ba sa shiri.

"Uwata, haƙuri na zo ba ki," in ji shi. "Na lalata miki na'ura."

Ya buɗe ledar ya zaro wani shuɗin ƙyalle, ya ajiye a kan teburin a hankali.

"Da wannan nake goge ta kullum da safe. Wani lokaci nakan ɗan jiƙa shi. Kin hana ni, na ji ki da kunnena, amma ƙurar tana kamawa, busasshen ƙyalle ba ya fitar da ita. To ga abin da karambanina ya jawo."

Na'urar da yake magana a kanta ba ta kai girman kwalin takalmi ba, fara ce, an kafa ta a bangon shagonsa sama da ƙofa. Tana da 'yar fanka a ciki mai zuƙo iska, ta auna ƙura da hayaƙin da ke cikinta, kowane minti ɗaya ta aiko da adadi ofis. Irinta arba'in da biyu ne a garin, ta Kawu ce lamba goma sha bakwai. Duk abin da suka aiko ta hannun Tsaf-tsaf yake bi kafin ya fita shafin jama'a na intanet. A can ana zuba shi a kan tsari guda da masu irin wannan aikin suka amince da shi ko'ina, yadda asibiti, ko ɗalibin jami'a, ko mai manhajar waya zai ɗebi abin da yake so ba tare da ya roƙi kowa ba. Wannan shi ne abin alfaharin ofishin. Shugabansu ba ya buɗe baki a taro bai ce "ƙofarmu a buɗe take" ba, har ma'aikata suka koma ƙirga masa a ɓoye.

Ita ta roƙi Kawu bangon shekara biyu da suka wuce, shi kuwa ya karɓi na'urar kamar an ba shi riƙon jariri. Har riga ya ɗinka mata saboda ruwan sama, da maɓallai uku, sai da Tsaf-tsaf ta zaunar da shi ta yi masa bayanin cewa abin da aikinsa shaƙar iska ne ba a sa masa riga.

Abin da ya kawo shi ofis ya faru ne ranar Juma'a. Bayan layinsu akwai filin wani mai sayen tsofaffin ƙarafa. Kusan shekara guda ke nan mutumin yana tara wayoyin lantarki yana cinna musu wuta da sassafe, robar ta ƙone ya kwashe jan ƙarfen ciki. Wutar ba ta daɗewa, kafin wani jami'i ya gama wanke fuska ta mutu. Amma a ɗan tsakanin nan baƙin hayaƙi kan tsallako katanga ya cika layin, ya shiga ɗakuna ya kama labule da kayan sawa. Matar Kawu ta fara tari, tarin ya ƙi tafiya. Mutanen layin suka haɗu suka sa Kawu a gaba, don shekara talatin yana ɗinki a wurin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san ba kowane tela za a yi wa wannan shaidar ba. Suka kai ƙara ofishin lafiya.

Kawu ya shiga da ƙarfin gwiwarsa. Ya ce wa jami'in ba sai an yi dogon bayani ba, akwai na'ura a bangonsa, 'yarsa ce ke kula da ita, a tambayi na'urar, ta gani. Jami'in bai ma buƙaci kiran kowa ba, ai ƙofa a buɗe take. Ya buɗe kwamfutarsa, ya ɗebo bayanan lamba goma sha bakwai na wata goma sha biyu, ya haska a bango kowa ya gani. Layin zanen ya fito lafiya lau, ya ɗan hau da rana saboda motoci, ya sauko da yamma. Ƙarfe shida na safe kuwa iskar layin fes take. Mai ƙarafa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe dai tela tela ne. Aka kori ƙarar.

"Mai aski ya ce na kai su na baro," Kawu ya ce, idonsa a kan ƙyallen. "Kuma da gaskiyarsa. Da bakinmu kawai muka je, da wataƙila an saurare mu. Ni na ce a tambayi na'ura."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da littafin da yake rubuta awon masu ɗinki.

"A bayansa ina rubuta lokacin da hayaƙin ke zuwa. Jami'in ya ce rubutun hannu ba shaida ba ne. Ki duba ko za ki gane ranar da ta fara lalacewa, in san tun yaushe nake ɓata miki aiki."

"Kada ka damu, Kawu. Zan duba."

Ya tafi ya bar ƙyallen.

Ta buɗe littafin ta wuce kafaɗu da hannaye da ƙugu na mutanen da ba ta sani ba, har ta kai shafukan baya. Uku ga wata, shida da minti biyar zuwa shida da sha tara, baƙi sosai. Huɗu ga wata, shida da minti biyu zuwa shida da sha huɗu. Ba ta ko taɓa kwamfuta ba gabanta ya faɗi. Minti sha huɗu, minti sha biyu, minti sha bakwai. Ta bi shafi bayan shafi da yatsa, babu ko ɗaya da ya kai minti ashirin, kuma ta san minti ashirin ɗin nan, don ita ta zaɓe shi.

Wata goma sha huɗu da suka wuce wani gizo-gizo ya shiga na'ura lamba huɗu, wadda ke jikin wata makarantar firamare, ya zauna daidai inda take aunawa. Adadi ya yi sama kamar gari ya kama da wuta. Tsaf-tsaf ta yi abin da ƙa'ida ta ce, ta sa wa adadin alamar shakka ta bar shi a wurinsa. Amma masu manhajar waya ba su damu da duba alama ba, wayoyin iyaye suka hau kuka, aka kwashe yara aka rufe makarantar ranar. Shugaba ya wanke ta tas a gaban kowa, har da mai shara. Ita da ba a taɓa samun ƙusa a karkace a aikinta ba, abin ya tsaya mata a rai. Ta zauna ta rubuta wa kwamfutarta umarni mai layi tara: duk adadin da ya yi tsalle ninki biyar ya dawo kafin minti ashirin, ƙwaro ne, a cire shi, a cike gurbin da matsakaicin na gaba da na baya. Ba ta sa layukan cikin manhajar ofis da kowa zai iya buɗewa ya karanta ba, ta ajiye su a nata ɓangaren, tsakanin ɗanyen bayani da shafin jama'a. Akwai shafin gyare-gyare inda ake rubuta duk abin da aka sauya da sunan wanda ya sauya. Ranar an kusa tashi, ta ce sai Litinin. Daga nan zane-zanensu suka yi kyau, Shugaba ya yaba mata a taro, Litinin ɗin ba ta zo ba.

Yanzu ta buɗe ɗanyen bayanin lamba goma sha bakwai, wanda ba mai ganinsa sai ita, ta ajiye littafin Kawu a gefe. Uku ga wata, shida da minti biyar: adadi ya tashi daga talatin zuwa ɗari tara da wani abu. Shida da sha tara ya sauko. Ta duba ta huɗu, ta duba ta biyar. Safiya ɗari biyu da sha ɗaya Kawu ya rubuta da bironsa, na'urar ba ta saɓa masa ko sau ɗaya ba. 

A lokacin Kawu bai ma kai tasha ba. Da ta ɗaga waya, da ya juyo. Ta kalli wayar, ta ɗauki ƙyallen ta ninke shi gida huɗu ta sa a aljihun tebur.

Mai tsoro ba ya rasa dalili mai kyau. Ranar farko ta ce sai ta tabbatar, alhali babu abin da ya rage a tabbatar. Rana ta biyu ta ce sai ta san girman ɓarnar, ta bi sauran na'urorin. Ta tarar layukan nata sun cinye adadi sama da dubu uku. Wasu ƙwari ne da gaske. Wasu kuwa hayaƙin janareta ne a bakin wani asibiti, wasu juji ne da ake ƙonawa kusa da kasuwa. Rana ta uku ta kai yatsa za ta kashe layukan, sai ta tuna cewa gobe da safe hayaƙi zai bayyana kwatsam a shafin jama'a, wani ya tambaya daga ina ya fito. Ta janye yatsan. Wannan shi ne abin da daga baya ta kasa yafe wa kanta. Kuskuren wata goma sha huɗu ba ta san tana yi ba, amma daga ranar nan, duk ƙarfe shidan safe tana tsaye a kicin tana jiran ruwa ya tafasa, ta san hayaƙi yana shiga ɗakin Inna, matar Kawu, kuma ta san kwamfutarta tana can tana cire shi.

Kawu ya kira ranar Laraba.

"Uwata, kin gano?"

"Ana kan dubawa, Kawu."

"To, to. Kada ki takura kanki. In sun ce laifinki ne, ki ce musu su zo wajena."

Ranar Alhamis ɗaliban jami'a suka kawo ziyara, kuma kamar kullum ita aka sa ta yi musu bayani. Ta tsaya gaban allo bakinta yana faɗin abin da ya saba faɗa. Ba a cire adadi, ta ce musu. In kana shakkarsa, ka sa masa alama ka bar shi inda yake, domin wani a wani wuri yana iya sanin abin da kai ba ka sani ba. Wata ɗaliba mai tabarau ta ce don Allah ta maimaita, ta rubuta kalma bayan kalma, har da ja masa layi a ƙasa. Tsaf-tsaf ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da suka tafi ta shiga banɗaki ta daɗe tana wanke hannu.

Kawu ya sake kira ranar Asabar, ya kira ranar Litinin. Amsar ba ta sauya ba.

Ranar Talata Dogo ya shigo da na'urori biyu a hammata. Shi ne mai hawa tsani yana kafa su yana kwancewa, mutum ne da ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Shugaba ya ji labarin ƙarar ya tura shi ya sauya lamba goma sha bakwai da sabuwa.

"Tsohon nan naki ya ƙi," in ji Dogo. "Ya ce in kai sabuwar bangon wani, shi hannunsa ba shi da amana. Na ce Baba ai ƙyalle ba ya kashe na'ura, ya ce ni yaro ne." Ya dire tsohuwar a kan teburinta. "Kuma na gwada ta a ƙasa. Na ƙyasta ashana kusa da ita, adadin ya yi sama har ya kusa tsaga min allo. Lafiyarta ƙalau, ta fi ni lafiya. Amma Shugaba ya ce a rubuta ta lalace a rufe zancen. Ga takardar, hannunki kawai ake jira."

Ta karɓi takardar. An riga an cike komai, gurbi ɗaya ya rage.

"Ya jikin matarsa?" ta tambaya, kamar ba Innarta ba.

"Au, ba ki sani ba? Ai an kai ta gidan 'yarsu can ƙarshen gari tun Lahadi. Ba ta iya numfashi da safe. Shi kaɗai ne a gidan. Mai kanti ya ce min ranar Asabar shago-shago ya bi yana ba mutane haƙuri." Dogo ya girgiza kai. "Mutum da furfurarsa."

Ya fita. Tsaf-tsaf ta zauna da biro a hannu. In ta sa hannu, shi ke nan, na'ura ta lalace, ƙyalle ne ya lalata ta, kowa ya huta, Kawu ya ɗauki abinsa har kabari. Ta jawo aljihun tebur don neman hular biron, ta ga shuɗin ƙyallen a ninke gida huɗu. Ko da ya zo ba ta haƙuri sai da ya wanke shi tukuna, har yanzu da ƙamshin sabulu. Ta rufe aljihun, ta ajiye biron. Duk da haka sai da ta ƙara kwana ɗaya, don ba jaruma ba ce, kuma ta sani.

Ranar Laraba da safe ta shiga ofishin Shugaba da littafin Kawu da layukanta tara a takarda. Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa.

"Ki mayar da alƙaluman wurinsu a hankali," ya ce. "Shiru. Wa zai lura?"

"Ranka ya daɗe, waɗanda suka riga suka ɗiba ba za su dawo ba sai an gaya musu. Asibiti yana da nasa, jami'in lafiya yana da nasa. Sai an rubuta a shafin gyare-gyare saƙo zai je musu."

"To ki rubuta matsalar manhaja ce."

"Manhajar ba ita ta rubuta kanta ba. Kuma shafin yana neman suna."

 Ya ce ta miƙa kalmar sirrin shafin ga mataimakinta kafin ƙarshen mako, sauran kuma sai abin da hukumar ofis ta yanke. Ranar ce kaɗai aka gama magana da shi bai ambaci ƙofa ba.

Ta koma ta kashe layukan, ta manna su a fili inda kowa zai karanta, ta mayar da adadi dubu uku da ɗoriya wurarensu, ta rubuta abin da ta yi da ranar da ta fara, ta sa sunanta. Ta buga zanen lamba goma sha bakwai na gaskiya a takarda, ta hau mota.

La'asar ta yi lokacin da ta isa shagon. Sama da ƙofa akwai ramukan ƙusa huɗu da wani fili mai haske inda na'urar ta zauna shekara biyu. Kawu yana kan keke yana kalmasa ƙafar wando. Ta gaishe shi ta tambayi jikin Inna, ya ce da sauƙi. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin yanka. Layin ba a kwance yake ba yanzu, ya yi tsini-tsini kamar haƙoran mataji, kowane tsini safiya ɗaya.

Ta yi masa bayani tun daga gizo-gizo. Ba ta rage komai ba. Ya saurara da kansa a ƙasa, yana shafa takardar da tafin hannu kamar yadi.

"Ke nan ta gani?"

"Ta gani, Kawu. Kowace safiya. Ni na cire."

"Ƙyallen bai yi mata komai ba?"

"Bai yi mata komai ba."

Sai ya yi dariya, irin dariyar wanda aka sauke wa buhu daga ka, idonsa ya ciko.

"Alhamdu lillahi. Kai! Uwata, share hawayenki. Wa ke aiki bai yi kuskure ba? Ni da na taɓa yanka wa mutum hannun hagu biyu a yadinsa mai tsada? Gizo-gizo kika kai wa duka ya same ni, shi ke nan." Ya sake duba takardar yana murmushi. "Allah Ya sa kin gano. Yau kika gano?"

Ba da wata manufa ya tambaya ba. Kalma ɗaya za ta ce, ta koma gida da Kawunta kamar yadda ta san shi. 

"Ranar da ka zo ofis. Kafin ka kai tasha."

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar bai ji ba. Sannan ya ɗaga hannu ya fara lanƙwasa yatsu. Ya gama hannu ɗaya ya shiga ɗayan.

"Kwana tara."

"Eh."

"Na kira ki sau uku."

Ya sauke hannun ya ci gaba.

"Ranar Asabar na bi layin nan ƙofa-ƙofa. Mai aski bai ma ajiye almakashi ba da nake masa magana. Mai ƙarafa ya wuce, ni na fara gaishe shi. Ranar Lahadi na sa Innarki a mota, tana tari tana ce min in daina taɓa abin da ban sani ba." Muryarsa ba ta ɗaga ba. "Me kika ji tsoro?"

"Kunya, Kawu."

"To ai an sha ta. Ni na sha miki."

Ya ninke takardar ya miƙa mata.

"Wannan da intanet ɗinki mutanen layin nan ba sa karantawa. A gabansu aka ƙaryata ni. Gobe ƙarfe shida hayaƙin zai zo, kowa zai fito. In kina da abin faɗa, ki zo ki faɗa musu da bakinki."

Ya koma kan kekensa.

Washegari gari bai gama wayewa ba ta iso da Dogo da tsaninsa. Ya mayar da tsohuwar na'urar ramukanta huɗu. Shida da minti huɗu hayaƙi ya tsallako katanga, baƙi wuluk, da warin ƙonanniyar roba mai kama maƙogwaro. Shekara guda tana riƙe da alƙalumansa, ranar ce ta fara shaƙarsa. Ƙofofi suka buɗe, mutane suka fito da mayafi da hannun riga a hanci, kamar yadda suka saba.

Ta tsaya a tsakiyar layin ta ɗaga wayarta. Adadin lamba goma sha bakwai yana hawa a shafin jama'a, ɗari uku, ɗari shida, ɗari takwas. Ta ce musu ita ce 'yar tela mai kula da na'ura. Ta ce na'urar ba ta taɓa lalacewa ba, Kawu bai yi ƙarya ba ko ta minti ɗaya, ita ta cire hayaƙin daga bayanan, kuma ta san haka tun ranar Litinin waccan ta yi shiru yana bin su yana ba da haƙuri. Tari ya sarƙe ta a tsakiya, ta jira ya lafa ta ƙarasa. Ta ce saƙo ya riga ya je wa jami'in lafiya, kuma za ta bi su ranar da aka sake zama.

Wata mata ta ja tsaki. Mai kanti ya ce Allah Ya kyauta. Mai aski ya taka har ƙofar shagon Kawu ya cire hula ya ce, "Tela, ka yafe mana." Kawu ya miƙa masa hannu. Wasu suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su san da ƙarar ba. Shida da sha takwas hayaƙin ya fara washewa, mutane suka watse.

Ta shiga shagon ta fito da shuɗin ƙyallen daga jaka ta ajiye a gefen keken. Kawu ya dube shi, ya ɗauka ya rataye a ƙusar da ya saba rataye shi. Sannan ya zauna ya ɗauki allurar hannu zai sa maɓalli. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar saitin ƙofa, ya kanne ido ɗaya. Zaren ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake wucewa.

Ba ta san lokacin da ta matso ta miƙa hannu ba. Tun tana 'yar shekara shida hannun ya san wannan aikin.

Kawu bai ɗago ba.

"Malama, ɗan matsa," ya ce. "Kina tare min haske."

Ta matsa. Ta tsaya a gefe da hannunta a ƙasa tana kallo, sai a karo na bakwai zaren ya shiga.